Ko Kun Sani? Kududdufin Kano na kare gonar Ajingi

Ruwan saman da ya sauka a kudancin birnin Kano ba a can yake tsayawa ba. Yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil, ya bi ta yankin Ajingi zuwa Ringim. A hanya yana kwasar dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, kuma da shi manoman rani ke ban-ruwan albasa da tumatir. A da, kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne ke riƙe ruwan damina, laka ta kwanta, ƙasa ta tsotse sauran sannu a hankali. Duk kududdufin da aka cike aka yanka filaye, ruwansa sai ya nemi wata hanya, galibi ta gidan maƙwabci ko gonar na ƙasa.

Za a ce kududdufi matattarar sauro ce, yara kuma na nutsewa a ciki. Gaskiya ne, amma yawancin ƙazantar daga shara da ruwan masai da ake turawa ciki take, katanga da yasa da dashen itatuwa a gefe kuwa na iya rage matsalar ba sai an cike shi ba. Kwalbatin siminti na da amfaninta, sai dai gudun ruwa take ƙarawa, ba ta rage yawansa. Garuruwa irin Gaya, da har yanzu suke da fadamu da kududdufai a buɗe, ya dace su shata su a matsayin filin jama'a tun dillalan filaye ba su iso ba.