Dundumi: Abin Da Ke Haddasa Shi Da Hanyoyin Magance Shi

A garuruwa da ƙauyuka da dama akan sami mutumin da ke gani sarai da rana, amma da zarar magariba ta yi sai ya fara lalube, yana tuntuɓe da kayan tsakar gida. Wannan lalura ita Hausawa ke kira dundumi. Mutane da yawa na ɗaukar ta a matsayin abin da za a jure, alhali a wurin likitocin ido alama ce da ke nuna cewa akwai wata matsala a cikin ido ko a jiki. Gano wannan matsala da wuri shi ne ke raba wanda zai warke da wanda zai makance.

A can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa mai laushi da ake kira retina, wadda ke karɓar haske ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tana ɗauke da ƙwayoyin gani iri biyu. Wasu na aiki da rana, su ne ke rarrabe launuka. Sauran kuma, masu siffar sanda, su ne ke ba mutum damar gani cikin duhu, kuma suna dogara da wani sinadari mai suna rodofsin, wanda jiki ke haɗa shi daga bitamin A. Mai lafiyayyen ido kan ɗauki kimanin minti 20 zuwa 30 kafin ganinsa ya gama daidaita da duhu. Idan bitamin A ya yi ƙaranci, ko waɗannan ƙwayoyi suka lalace, ko wani abu ya tare hasken da ke isa gare su, sai dundumi ya bayyana.

Ƙarancin bitamin A shi ne sanadin da ya fi shafar ƙananan yara da mata masu juna biyu. Wani ƙiyasi da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2009 ya nuna cewa yara miliyan 5.2 da ba su isa shiga makaranta ba da mata masu ciki miliyan 9.8 ne ke fama da dundumi a duniya. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda wannan ƙaranci, kuma rabinsu na mutuwa cikin watanni 12 da rasa ganinsu.

A jikin yaro, dundumi ne matakin farko. Idan ba a kula ba, farin ido kan bushe, wani tabo mai kama da kumfar sabulu ya fito a gefensa, daga nan gilashin gaban ido ya yi gyambo ya narke, gani ya tafi ba dawowa. Ƙyanda da yawan gudawa kan gaggauta wannan, domin suna ƙarar da bitamin A da hanta ta adana. Ƙaramin yaro ba ya iya bayyana abin da ke damunsa, saboda haka sai iyaye su lura da wanda ke daina wasa da almuru, ya maƙale wuri guda, ko ya kasa gano kwanon abincinsa.

Irin wannan dundumi yana da magani, kuma akan ga sauƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan ma'aikacin lafiya ya ba da bitamin A. Domin rigakafi, a Najeriya ana ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 wannan sinadari kyauta a Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara, wanda ake gudanarwa sau biyu a shekara. 'Yan wata 6 zuwa 11 na karɓar shuɗin ƙwanso, waɗanda suka cika shekara kuma ja. Sai dai wannan mai ƙarfi na yara ne. Mace mai ciki kada ta sha shi, domin yana iya cutar da ɗan tayi. Nata adadin likita ne ke ƙayyade shi.

Abinci shi ne kariya mai ɗorewa. Hanta, ƙwai, madara da man shanu na ɗauke da bitamin A kai tsaye. Manja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, zogale da alayyafo kuma na ɗauke da sinadarin da jiki ke sarrafa shi ya koma bitamin A. Yana da kyau a haɗa ganye da ɗan mai, domin sai da maiƙo hanji ke tsotse shi sosai, a kuma shanya ganyen miya a inuwa, saboda zafin rana na rage amfaninsa. Tun 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a cikin man girki, sukari da fulawa a Najeriya, kuma irin waɗannan kayayyaki na ɗauke da tambarin ido a jikin mazubinsu. A 2011 kuma aka fitar wa manoma irin rogo mai launin rawaya da ke ɗauke da wannan sinadari.

Ga manya kuwa, yawanci sanadin daban ne, kuma cin hanta ko karas ba zai kawar da shi ba. Yanar ido kan rage hasken da ke shiga, ta sa fitilun mota su riƙa kashe wa direba ido da dare. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, alhali ɗan gajeren aikin tiyata na dawo da gani. Hawan jinin ido da ciwon suga su ma kan raunana ganin dare. Ganin da suka riga suka ɓata galibi ba ya dawowa, amma magani na kare abin da ya saura. Wasu kuma tabarau kawai suke buƙata.

Akwai kuma dundumin gado, wanda likitoci ke kira retinaitis figmentosa, da ke shafar kimanin mutum ɗaya cikin 4,000 a duniya. Yakan fara da ƙuruciya ko samartaka, sannan gani ya riƙa tsukewa daga gefe sannu a hankali. Ga mafi yawan masu shi har yanzu babu maganin warkewa, amma wadataccen haske a gida, riƙe tocila da ganin likita a kai a kai na sauƙaƙa rayuwa. Iyalan da lalurar ta bayyana a cikinsu na da buƙatar shawarar likita kafin auren zumunci, domin wasu nau'o'inta sun fi fitowa idan ma'aurata 'yan uwa ne.

Duk wanda ya lura ganinsa na raguwa da dare ya dakatar da tuƙin dare, ya guji ɗiga ruwan ganye ko maganin da ba likita ya rubuta ba, ya je a duba shi. Asibitocin koyarwa, Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan ido na manyan asibitocin jihohi na yin wannan gwaji. Idan kuma yaro ne, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko gudawa ba, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a ranar da aka lura.