Duban Babban Hanji Ga Tsofaffi

Jama'a, yau maganarmu a kan tsofaffinmu ce, waɗanda suka kai shekara 80 ko fiye, idan likita ya ce yana so ya duba cikin babban hanjinsu.

Ga yadda a ke yi. Akwai wata 'yar mesa mai kaurin yatsa, da fitila da idon ɗaukar hoto a bakinta. Likita ya kan sa ta ta dubura, ya bi hanjin da ita, tsawonsa kuwa wajen ƙafa biyar ne. In ya ga wani tsiro, sai ya cire shi nan take. Aikin ba ya kan wuce awa guda ba.

To, wane tsoho ya kamata a yi wa? Tsiron nan ya kan yi wajen shekara 10 kafin ya zama ciwon daji. Saboda haka a shekarar 2021 kwamitin masana rigakafi na Amurka ya ce duban rigakafi daga shekara 45 zuwa 75 ne. Daga 76 zuwa 85 sai a auna ƙarfin mutum, bayan nan a bari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma fa wannan ga mai lafiya ne. In mahaifinku yana kashi da jini, ko jininsa ya ragu, ko yana ramewa ba dalili, kada ku ce basir ne ku zauna. Yawan shekaru kaɗai ba ya hana a duba shi.

Sai ku sani, yawancin wahalar tana wajen wankin ciki ne. Tilas ya bar abinci mai nauyi kwana guda, ya sha maganin da zai sa shi zawo ƙwarai. Tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa da wuri, ruwan jikinsa ya kan ƙare, ƙoda ta wahala. Ku riƙa ba shi ruwa da tataccen romo. Ku kwana kusa da shi, ku kunna fitila, ku riƙe shi zuwa bayan gida, domin jiri ya kan kā da shi. Wanda ya raunana ƙwarai, gara a yi masa wankin a asibiti.

Har wa yau, ku kai wa likita dukan magungunansa tun da mako guda, musamman na tsinka jini, da na ciwon sukari, da ƙwayar ƙarin jini. Kada ku tsai da ko ɗaya sai da izininsa. Ku gaya masa in akwai ciwon zuciya, ko na huhu, ko na ƙoda, don ya rage allurar barci.

Bayan an gama, in ciki ya yi ciwo mai tsanani, ko zazzaɓi ya zo, ko jini ya zuba da yawa, ku koma asibiti maza, ko da tsakar dare ne. Hujewar hanji ba ta cika faruwa ba, amma ba ta jiran gari ya waye.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, amin.