Hasumiyoyin Kolon: ginin da ya ci shekara 632

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a babbar tashar Kolon, a yammacin Jamus, ba ya bukatar ɗan jagora. Yana fita ƙofa zai tarar da wani baƙin gini ya tare masa sama, da hasumiyoyi biyu masu tsini, kowacce tsayinta mita 157. Ita ce babbar majami'ar birnin. An aza harsashinta ranar 15 ga Agusta, 1248, aka yi bikin kammala ta ranar 15 ga Oktoba, 1880. Shekara 632 ke nan. Kusan 300 daga cikinsu aikin a tsaye yake cak, kuma da aka dawo masa, zanen mutanen farko aka ɗauko aka bi.

Ƙasusuwa ne sanadin ginin. A 1164 Akbishop Rainald na Dassel ya kawo daga birnin Milan wasu ƙasusuwa da Kiristoci suka yi imani na masana uku ne daga gabas, waɗanda suka ziyarci Annabi Isa, alaihissalam, yana jariri. Masu ziyara suka riƙa tururuwa daga ko'ina a Turai, har hukumar majami'ar ta ga tsohon ginin bai dace da wannan ajiya ba. Akbishop Konrad na Hochstaden ya aza dutsen farko, aka damƙa aikin a hannun wani magini mai suna Gerhard, wanda ya ɗauko fasalinsa daga majami'ar Amiens ta Faransa.

Salon nan da ake kira Gotik ya zo da wata dabara. Kafin shi, mai son gini ya yi tsawo sai ya kaurara bango, ya ƙanƙanta taga, ciki ya yi duhu. Maginan Gotik suka ɗauke nauyin rufi daga kan bango suka ɗora shi a kan ginshiƙai, ta hanyar baka mai tsini a sama. Matsalar baka ita ce ba ƙasa kaɗai take dannawa ba, tana kuma tura abin da ta zauna a kai zuwa waje. Sai suka gina mata matokarai na dutse a wajen ginin, kamar yadda manomi yake tokare dangar da ta karkata, suka kuma ɗora wa kowane matokari zanko. Mai kallo zai ɗauka zankon ado ne kawai, alhali nauyinsa yana taimakawa wajen mayar da turin zuwa ƙasa. Da bango ya huta da ɗaukar kaya sai aka farke shi aka cika da gilashi mai launi. Tsinin hasumiyoyin Kolon ma ba toshe yake ba, dutse ne da aka sassaƙa kamar raga, iska na ratsawa ta wuce. A ƙarƙashinsu kuwa harsashi ya nutsa kimanin mita 15.

Wannan dabara ta sa garuruwa gasa, gasar kuma ta kai wasu ga neman ƙiba suka samo rama. A Beauvais ta Faransa an ɗaga rufin majami'a zuwa mita 48, wani sashe ya rufta a 1284. Aka gyara, sannan a 1569 aka ɗora mata hasumiya mai mita 153, ba tare da an gina dogon zauren yamma da zai tokare ginshiƙanta ba. Shekara huɗu ta yi ta zube, jim kaɗan bayan jama'a sun fita daga ciki. Har yau ba a gina wannan zaure ba. A Lincoln ta Ingila, tsinin katako da aka lulluɓe da darma, wanda aka gama a 1311, ana cewa ya kai mita 160, ya zarce babbar dalar Masar. Guguwa ta kayar da shi a 1548, ba a sake mayar da shi ba.

Kolon ba ta yi gaggawa ba, ko kuma a ce aljihunta bai bar ta ta yi ba. A 1322 aka keɓe sashen gabas aka fara ibada a ciki, aka toshe bakinsa da bango na wucin gadi wanda ya zauna sama da shekara 500. Hasumiyar kudu ta tashi kusan mita 60, aka rataya mata manyan ƙararrawa. Daga nan kuɗi suka fara yankewa. Rabuwar da Martin Luther ya jawo a cikin Kiristanci ta rage masu ziyara da sadakarsu, ido kuma ya koma kan sabon salon gini na Italiya, Gotik ya zama tsohon yayi. Wajen 1560 aka daina kashe kuɗi a kan aikin.

Abu ɗaya aka bari a sama: ƙugiyar katako da ake jan duwatsu da ita, irin wadda ƙarti ke shiga cikin babbar gargare suna takawa, igiya na naɗewa. Ta zauna a kan guntuwar hasumiyar kudu kusan shekara 400, har ta zama ita ce alamar birnin. Mai shigowa ta kogin Rhine ita yake fara hangowa, masu zanen hoto kuma ba sa zana Kolon babu ita. Ba a sauke ta ba sai 1868. Kafin nan ginin ya ga wulaƙanci, domin bayan sojojin Faransa sun kama birnin a 1794 sun mayar da shi rumbun harawar dawakai da wurin tsare fursunonin yaƙi.

Abin da ya ceci fasalin hasumiyoyin fata ce. Maginan farko sun zana fuskar ginin gaba ɗaya a kan fatun da aka haɗa, tsayinsu ya haura mita huɗu, zanen kuma ya ɓace a rikicin zamanin Faransawa. A 1814 aka tsinci rabinsa a saman wani masauki a Darmstadt, inda ake ba da labarin cewa wake ake shanyawa a kai. Ɗaya rabin ya ɓulla a Paris a 1816, ta hannun Sulpiz Boisserée, ɗan wani attajirin Kolon da ya ɗauki kammala ginin a matsayin aikin rayuwarsa.

A nan siyasa ta shigo, kuma a ganina ba don ita ba da har yau guntuwar hasumiya ake kallo. Bayan faɗuwar Napoleon na Faransa, a 1815 aka ba masarautar Prusiya ta Jamus yankin Kolon. Sarakunan Prusiya 'yan Furotesta ne, mutanen Kolon 'yan Katolika, Jamusawa kuma a rarrabe suke cikin ƙananan masarautu suna neman abin da zai haɗa su. Majami'ar da aka fara aka kasa gamawa ta zame musu hoton ƙasarsu. A 1842 Sarki Friedrich Wilhelm na Huɗu ya aza dutsen ci gaba da aiki. Gwamnati ta sa nata, amma mafi yawan kuɗin ƙungiyar sa-kai ta 'yan gari ce ta tara, da gudummawa, daga baya kuma da cacar tikiti, wadda ta fi kowace hanya kawo kuɗi. Sarakunan magina biyu suka ja ragamar, Ernst Friedrich Zwirner har rasuwarsa a 1861, sai Richard Voigtel. A waje sun bi zanen fata sau da ƙafa, a ɓoye kuwa sun yi amfani da zamaninsu: gwangwalar da ke ɗauke da jinkar ginin ta ƙarfe ce, ba katako ba. Ranar bikin 1880 Sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya ya zauna a gaba, shi kuwa Akbishop na Kolon, Paulus Melchers, yana gudun hijira a Holan saboda rigimar gwamnati da cocin Katolika.

Shekara huɗu kacal majami'ar ta yi tana ginin da ya fi kowanne tsawo a duniya, hasumiyar tunawa da Washington a Amurka ta karɓe a 1884. A 1890 majami'ar Ulm, a cikin Jamus ɗin, ta zarce ta Kolon da mita huɗu.

A Yaƙin Duniya na Biyu an mayar da tsakiyar Kolon kufai. Manyan bamabamai 14 sun sami majami'ar, sassan rufinta sun rufta, hasumiyoyin ba su faɗi ba. Wanda ya fi haɗari shi ne na Nuwamba 1943, da ya ɓantare wani ginshiƙi na hasumiyar arewa. Aka yi maza aka cike gurbin da jan bulo. Facin ya zauna a fili kusan shekara 60, kuma da aka tashi rufe shi da dutse sai da aka yi muhawara, wasu na cewa a bar shi jikoki su ga tabon yaƙi. Wata barazanar ta zo cikin zaman lafiya: UNESCO, wadda ta sa ginin cikin kayan tarihi na duniya a 1996, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2004, don an shirya gina dogayen benaye a ƙetaren kogi da za su dushe shi a idon mai hange. Birnin ya rage shirin, aka cire shi daga jerin a 2006.

Maƙiyin da ba ya hutu shi ne ruwa da iska. Maginan farko sun samo dutsensu daga Drachenfels, wani tsauni a bakin Rhine kudu da Bonn, ana loda shi a jirgin ruwa ya gangaro. A kan tsaunin akwai kagara, gidan yaƙi mai hasumiya da akbishop-akbishop na Kolon suka gina a ƙarni na 12, kuma masu riƙe da ita da cinikin dutse suka yi arziki. Masu fasa dutse suka yi ta cin tsaunin har suka iso gindin kagarar, wani sashenta ya rufta a 1788. Gwamnatin Prusiya ta saye ƙololuwar a 1836 ta hana fasa. Saboda haka maginan ƙarni na 19 sai da suka nemo duwatsu daga wasu wurare, ciki har da na Schlaitdorf a kudancin Jamus, wanda hayaƙin kwal na jiragen ƙasa da masana'antu, in ya haɗu da ruwan sama, yake marmasawa. Abin mamaki, wasu sassan da aka gina a baya-bayan nan sun riga na farko lalacewa.

Don haka majami'ar take da ma'aikatarta ta dindindin, mai mutum wajen 100: masassaƙan dutse, maƙera, kafintoci, masu gyaran gilashi, masu ɗaura matakan hawa, duk a ƙarƙashin sarkin magina. Daga 1999 zuwa 2012 mace ce ta riƙe muƙamin, Barbara Schock-Werner, ta farko a tarihinsa. Da wuya a ga ginin babu matakan gyara maƙale a wani gefe, har mutanen Kolon sukan ce ranar da aka gama shi duniya ta tashi. Mutumin Agadas ba zai ji wannan baƙo ba. Hasumiyar babban masallacinsu, mai mita 27, ta laka ce, kuma itatuwan da suka leƙo daga jikinta su masu yaɓe ke takawa in lokacin gyara ya yi. Bambancin yana ga saurin lalacewa. Laka tana nuna ciwonta bayan 'yan damuna, yaron da ya ga ubansa yana yaɓe shi ma zai yi. Dutse kuwa yakan ɓoye nasa shekara ɗari, wanda ya aza shi ba zai ga ranar da zai tsage ba. Sana'ar ba za ta rayu da tuni kawai ba, sai da albashi, da almajirai, da ma'ajiyar zane. A 2020 UNESCO ta sa irin waɗannan ma'aikatu na majami'un Turai cikin kyawawan hanyoyin adana al'adar da aka gada.

Drachenfels dai har yanzu a rufe yake ga masu fasa dutse. In wani tsohon dutse na sashen gabas ya ruɓe, ana zare shi, a auna, a sassaƙa madadinsa da wani dutse ɗan'uwansa da ake kawowa daga Montemerlo, kusa da Padua a arewacin Italiya.