Gwamnati ko kamfani: Zaɓin da ke gaban ɗaliban lauya a Amurka

A kowace shekara dubban ɗaliban da ke koyon aikin lauya a Amurka kan tsaya su yanke shawara a kan inda za su yi aikin hutun bazara: ko a ofishin gwamnati, ko kuma a kamfanin lauyoyi mai zaman kansa.

Aikin bai cika wuce makonni 10 ba, amma sau da yawa shi ne ke nuna inda ɗalibi zai fara neman abincinsa bayan ya kammala karatu.

A Amurka sai mutum ya gama digirinsa na farko kafin ya shiga makarantar lauyoyi, inda zai yi shekara 3. Ke nan hutun bazara biyu kacal gare shi, ɗaya bayan shekarar farko, ɗaya bayan ta biyu.

Hutun farko na gwaji ne. Ɗalibai da dama kan yi shi a ofishin wani alƙali ko wata hukuma. Na biyun shi ne mai nauyi, domin manyan kamfanoni daga cikin ɗaliban da suka yi musu aiki a wannan hutu suke ɗaukar yawancin sababbin lauyoyinsu.

Albashi da bashi

Babban abin da ke jan ɗalibai zuwa kamfanoni shi ne kuɗi.

A 2007 albashin sabon lauya a manyan kamfanonin birnin New York dala dubu 160 ne a shekara. A 2016 ya koma dala dubu 180, sannan a ƙarshen 2023 kamfanin Milbank ya ɗaga shi zuwa dala dubu 225, sauran kuma suka bi sahu.

A kan wannan ma'auni ake biyan ɗalibin da ya zo aikin hutu, wato sama da dala 4,300 a mako. Cikin makonni 10 sai ya tashi da fiye da dala dubu 43.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ci bashi ya yi karatu. Ɗalibai da yawa kan bar makarantar lauyoyi ana bin su fiye da dala dubu 100, ga kuma kuɗin ruwa yana hauhawa.

Sai dai kuɗin ba a banza yake zuwa ba. Da zarar ɗalibi ya zama cikakken ma'aikaci, ana sa ran zai yi aikin da za a caji masu hulɗa da kamfanin na kusan sa'o'i 2,000 a shekara. Galibi kuma sabon lauya bincike da tantance takardu yake yi, ya kan daɗe bai tsaya gaban alƙali ba.

Abin da gwamnati ke bayarwa

A ɓangaren gwamnati lamarin ya sha bamban. Ma'aikatar Shari'a ta tarayya da ofisoshin masu gabatar da ƙara da na lauyoyin da ke kare marasa galihu duk suna karɓar ɗalibai, amma da yawan guraben ba a biyan ko sisin kwabo. Wasu makarantu kan ba ɗalibansu ɗan tallafi domin su iya biyan haya da abinci.

Ko bayan kammala karatu, albashin sabon lauyan gwamnatin tarayya bai kai rabin na manyan kamfanoni ba.

Ribar ita ce gogewa. Aiki ya yi wa ofisoshin gwamnati yawa, ma'aikata kuma ba su wadata ba, don haka ake ɗora wa ɗalibi nauyi da wuri. A jihohi da dama doka ta yarda ɗalibin da ya yi nisa a karatu ya yi magana a kotu, muddin yana ƙarƙashin kulawar cikakken lauya.

Akwai kuma dokar da Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a 2007, wadda ta tanadi yafe ragowar bashin karatu na gwamnatin tarayya ga wanda ya yi aikin gwamnati ko na ƙungiyar da ba ta neman riba, bayan ya biya sau 120, wato shekara 10.

Babu tabbas

A shekarun da kasuwa ke tafiya daidai, fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban da suka yi hutu na biyu a manyan kamfanoni kan samu tayin aiki na dindindin. Ofisoshin gwamnati ba kasafai suke yin irin wannan alkawari ba.

To amma karayar tattalin arzikin 2008 ta nuna iyakar wannan tabbaci. A 2009 adadin ya faɗi zuwa kusan kashi 69, kamar yadda alƙaluman ƙungiyar NALP mai bin diddigin ɗaukar lauyoyi aiki suka nuna. A watan Fabrairun shekarar kamfanin Latham & Watkins ya sallami lauyoyi 190.

Ita ma gwamnati ba tudun mun tsira ba ce. A watan Janairun 2025, bayan Shugaba Donald Trump ya dakatar da ɗaukar ma'aikatan tarayya, Ma'aikatar Shari'a ta janye tayin da ta riga ta yi wa ɗalibai da sababbin lauyoyi.

Ga ɗalibai baƙi, ciki har da 'yan Nijeriya da Ghana da ke karatu a can, zaɓin ya fi ƙunci, saboda galibin guraben Ma'aikatar Shari'a 'yan ƙasa kaɗai ake bai wa.

Hanya ba ta toshewa

Duk da nauyin zaɓin, tarihin wasu fitattun lauyoyi ya nuna cewa hutu guda ba ya yanke wa mutum hukunci har abada.

A 1989 Barack Obama ya yi aikin hutu a kamfanin Sidley Austin da ke Chicago, inda aka haɗa shi da wata matashiyar lauya, Michelle Robinson, domin ta riƙa nuna masa aiki. Bai zauna a kamfanin ba. Ita ma a 1991 ta bar shi ta koma ofishin magajin garin Chicago.

Sonia Sotomayor kuwa ta yi nata hutun ne a kamfanin Paul, Weiss na New York lokacin da take karatu a Jami'ar Yale, amma ba a yi mata tayin aiki ba. Sai ta kama aiki a ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan a 1979, ta yi kusan shekara 5 tana gurfanar da waɗanda ake tuhuma, kafin ta koma wani kamfani mai zaman kansa.

A 2009 Shugaba Obama ya naɗa ta alƙali a Kotun Ƙolin Amurka.