'Yarmu Za Ta Sami Likitanci Kuwa? A Zauna A Yi Lissafi Tukuna

Kwanan baya mun yi kwana biyu a Boɗinga da Shagari, garuruwa biyu da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Masu bi ba su da yawa a wannan yanki. Galibinsu aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, da masu ƙananan shaguna. A gidaje biyu da muka sauka, tambaya iri ɗaya aka yi mana.

A Boɗinga, wani malamin firamare mutumin Zuru ya ɗauko takardun 'yarsa ya shimfiɗa a gabanmu. Ta ci maki 264 a jarrabawar JAMB, tana so ta karanta likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya ce, "Ku gaya mini gaskiya, za ta samu?" A Shagari kuwa wata ma'aikaciyar jinya ce, 'yar asalin Filato, mijinta ya rasu. Ɗanta ya ci 216, shi ma likitanci yake so. Wani mutum ya ce mata in ta kawo kuɗi zai sama wa yaron gurbi, har ta fara neman mai sayen awakinta.

Ba wanda zai iya yi wa waɗannan iyaye alkawari. Amma ana iya yin lissafi. A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mai shirin gini, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙidaya abin da ke hannunsa, kada ya kafa tushe ya kasa gamawa. Ga abubuwa huɗu da ya kamata kowane gida ya auna.

Na Fari: Takardar Sakandare

Kafin a dubi makin JAMB, a dubi sakamakon WAEC ko NECO. Mai son likitanci yana bukatar kiredit a darussa 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit shi ne daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da yake ba a ce yaro ya faɗi ba. Jami'o'i da yawa kuma suna so a sami duka biyar ɗin a zama ɗaya in likitanci ake nema, watau ba a haɗa takardar bara da ta bana.

Da muka dubi takardar yaron Shagari, sai muka ga D7 a Kemistiri. Ya ce, "Mama ta sani, mun yi kusan shekara ba mu da malamin Kemistiri." Ba laifinsa ba ne, amma ƙa'ida ba ta tambayar dalili. Da wannan D7, ko da ya ci 300 a JAMB, ƙofar likitanci a rufe take bana. Yarinyar Boɗinga kuwa kiredit ɗinta ya cika a zama ɗaya.

Na Biyu: Makin JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawarta. Darussa 4 ne, jimlar maki 400. Mai son likitanci yana rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya kuwa Lissafi ne ke maye gurbin Bayoloji.

A nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Sai uba ya ji haka a rediyo ya ce, "To, ai ɗana ya wuce da nisa." Wannan 150 ɗin bakin ƙofar gida ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa layin. Na likitanci yakan fi kowanne tsawo, domin hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, bisa ga yawan malamanta da girman asibitinta. Masu nema dubbai, kujeru kaɗan.

Don a san inda yaro ya tsaya, a gwada shi da sauran 'yan'uwansa. A 2024 an fitar da sakamakon mutum fiye da miliyan 1 da dubu 800. Kashi 76 cikin 100 ba su kai 200 ba. Waɗanda suka kai 250 ko fiye su 77,070 ne, watau kimanin 4 cikin 100. Waɗanda suka kai 300 kuwa su 8,401 ne kacal a duk ƙasar. Bisa ga wannan ma'auni, 264 maki ne mai kyau ƙwarai. Amma a tuna, masu irin wannan maki da yawansu likitancin nan suke nema.

Na Uku: Tantancewar Jami'a

Bayan JAMB, jami'a takan yi tata tantancewa. Wata takan ba da sabuwar jarrabawa, wata kuwa takardun sakandare kawai take dubawa ta ba su maki. Kowacce da irin lissafinta. Waɗansu sukan raba makin JAMB da 8 domin ya koma cikin 50, sa'an nan su haɗa da wani 50 na tantancewa. Da irin wannan lissafi, 264 ya zama 33, 216 kuma ya zama 27. Ka ga ke nan rabin aikin yana gaba. Yaron da ya ajiye littattafansa ran da JAMB ta fito, yana iya zuwa ya tarar wanda yake bayansa ya wuce shi.

Har wa yau, manyan jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello ta Zariya sun fi kula da wanda ya sa su a zaɓi na farko. Sa babbar jami'a a zaɓi na biyu kamar shuka ne a kan dutse.

Na Huɗu: Jihar Asali

Wannan ya shafi gidajenmu musamman, gama yawancinmu baƙi ne a inda muke aiki. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ta raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 na jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin boko, su 23, kuma duk jihohin Arewa 19 suna ciki.

Abin lura shi ne, jihar asali ake dubawa, ba garin da yaro ya girma ba. Yarinyar Boɗinga 'yar Jihar Kebbi ce, Kebbi kuwa tana cikin yankin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tare da Sakkwato da Zamfara. Tana da ƙofofi uku ke nan. Yaron Shagari, ko da yake a ƙasar Sakkwato ya yi wayo, takardarsa ta Filato ce, don haka Jami'ar Jos ce ta yankinsa. Sai iyaye su nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarsu da wuri. Kada kuma mai bi ya sayi takardar ƙarya ta wata jiha. Ban da cewa zunubi ne, in aka gane ana iya korar yaro ko da ya yi nisa da karatu.

To, Mene Ne Amsar?

Mun ce wa malamin Boɗinga: 'yarka tana da hanya ta gaske, amma ba tabbas. Je ka jami'ar da kanka ka tambayi makin da aka tsaya a kansa bara a sashen likitanci da sassan da ke kusa da shi. In makinta ya wuce layin bara sosai, ta tsaya a kan zaɓinta. In yana gab da layin, ta dage da shirin tantancewa, ta kuma shirya zuciyarta ga haɗa magunguna, ko aikin jinya, ko gwaje-gwajen asibiti, ko likitancin dabbobi, wanda ƙasar Sakkwato mai yawan shanu da jajayen awaki ke bukata ƙwarai. In yana ƙasa da nisa, JAMB ta ba da damar sauya fanni ko makaranta, a biya ɗan kuɗi a cibiyar da ta amince da ita.

Mahaifiyar Shagari kuwa mun ce mata: kada ki sayar da akuya ko ɗaya. Tun 2017 ta na'urar JAMB da ake kira CAPS ake ba da gurbin jami'a. A nan yaro zai ga sunansa ya karɓa ko ya ƙi, ba da kuɗi ba. Gurbin da bai bi ta nan ba, JAMB ba ta san da shi ba. Wanda ya ce zai sayar miki da shi, awakinki yake so. Yaron ya sake zama jarrabawar sakandare da shiri mai kyau, ya nemi wanda zai koya masa Kemistiri. Ranta bai yi daɗi ba, amma ta ce, "Gara na ji yau da in ji bayan garke ya tafi."

Hanya Ba Ɗaya Ba Ce

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ba ita kaɗai ba ce a yankin. Akwai Jami'ar Jihar Sakkwato a kan hanyar filin jirgin sama, da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau da aka kafa a 2013. Akwai karatun share fage na IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda in yaro ya ci da kyau yana iya shiga aji na biyu kai tsaye. Akwai Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu, wadda aka kafa a 2005, da asibitin koyarwarta a Jos, sai dai kuɗinta ya fi na jami'ar gwamnati nesa ba kusa ba, a lissafa shi tun daga aji ɗaya har ƙarshe kafin a fara.

Kada kuma a rena aikin koyarwa. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, sa'an nan ya komo Midil ɗin Sakkwato yana koyar da kimiyya, tun kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Abin da ya tare yaron nan na Shagari rashin malamin Kemistiri ne. In duk yaranmu masu kan kimiyya suka ce sai likitanci ko ba kome, wa zai koya wa ƙannensu?

Ya ku iyaye, sau da yawa mu ne ke son a kira mu uban likita, yaro kuwa yana ɗauke da nauyin a shiru. Ku zauna da shi, ku shimfiɗa takardun nan huɗu, ku tambaye shi abin da yake so, ku yi addu'a tare, sa'an nan a cika fom. Ku dattawan ekklesiya, ku nemi malami ko ɗalibin jami'a guda a cikinku ya duba wa yara takardunsu kafin lokacin rajista. Maki yana nuna inda yaro ya tsaya a layi, amma ba ya nuna darajarsa a gaban Allah, ko a cikin gidansu. Ubangiji ya ba mu hikimar yin lissafi da gaskiya, da zuciyar karɓar hanyar da ya buɗe.