Awon Maganin Ruwan Sha

Jama'a, karatunmu na yau a kan ruwan randa ne. In damina ta kankama a ƙasar Babura, kududdufai su kan cika, ruwan sama ya kwashi ƙazantar bayan gari ya gangara da ita. Wata ta faɗa tafki, wata ta zurara cikin rijiyar da ba a ɗaure bakinta ba. Ta nan ne amai da gudawa ke samun ƙofar shiga gida. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Da yawa daga cikinmu ba labari muka ji ba, da idonmu muka gani.

Akwai maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa. Sunansa kulorin. Shi ne warin nan da mu kan ji a ruwan famfo na birni. Ba sabon abu ba ne, tun 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan shan jama'a. A nan ƙasarmu a kan same shi na ruwa a 'yar kwalba, a kan kuma same shi ƙwaya ƙwaya, kamar wanda a ke kira Aquatabs. Amma sau da yawa mutum ya kan jefa ƙwaya a ruwa, ya sha nan take, ciwo ya kama shi, sa'an nan ya ce magani ba ya aiki. Ba laifin magani ba ne. Kulorin yana da sharuɗɗa. Don mu fahimce su, bari mu leƙa wurin waɗanda su ke fama da shi kullum.

A ƙasashen Turai da Amurka, har da manyan otal-otal na biranenmu, a kan gina tafki na siminti don iyo. Ruwansa ba ya gudu, mutane kuwa suna shiga da gumi da dauɗa. In ba a kula ba, cikin 'yan kwanaki sai ya yi kore kamar kududdufin bayan gari. Sabo da haka dole a riƙa sa masa kulorin. Waɗansu masu irin wannan tafki ba su sayen maganin, gishiri su ke zubawa, misalin giram 3 a kowace lita, watau kamar rabin ƙaramin cokali. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na gishirin ruwan teku ba. Sai a tura ruwan ta cikin wata na'ura mai faranta na ƙarfe, wutar lantarki ta ratsa shi. Ashe akwai kulorin ɗaure a cikin gishirin miyarmu, wutar ce ke kwance shi. In ya gama aikinsa ya kan koma gishiri, na'ura ta sake kwance shi.

Kada wani ya ji haka ya je ya barbaɗa gishiri a randa. In babu na'urar nan, gishiri gishiri ne, ba ya kashe komai, sai dai ya ɓata wa uwargida ruwa.

To, mai tafkin nan, duk da na'urarsa mai tsada, ba ya kwanciya barci. Kowane mako ya kan ɗebi ruwan ya auna. Babban abin da ya ke dubawa shi ne, ruwan ya karkata wajen tsami ne, ko wajen kanwa?

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san kunun tsamiya, mun san kunun kanwa. Mun san in miya ta yi tsami, 'yar kanwa ke kashe shi. Wanda ke son ya gani da idonsa, ya jiƙa zoɓo ya raba shi moɗa biyu. Ya matsa lemon tsami a ɗaya, zai ga ja ya ƙara haske. Ya ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, zai ga ya yi duhu, ya koma wajen shuɗi-shuɗi. Masana sun yi wa wannan hali ma'auni, suna kiransa pH. Ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya gaza 7 yana gefen tsami, abin da ya haura 7 yana gefen kanwa.

Kulorin ba ya shiri da gefen kanwa. In ruwa yana kan 6 da rabi, kashi tara cikin goma na maganin yana da cikakken ƙarfinsa. A kan 7 da rabi, sai rabi. In an kai 8 da rabi, kashi ɗaya kaɗai ya rage mai kaifi, saura duk sun dakushe. Kun gani, magani ɗaya, awo ɗaya, amma aiki ya bambanta. Shi ya sa mai tafki ya ke riƙe ruwansa sama da 7 kaɗan, ba ya yarda ya kai 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta ce game da ruwan sha, ya zama ƙasa da 8.

Mu a ƙauye ba mu da abin awon nan a gida, zoɓo kuwa ba zai nuna ɗan bambanci irin wannan ba. Amma ma'aikatan lafiya da na hukumar ruwa suna da shi. Wani ɗan mazubi ne, a ɗebi ruwa a jefa ƙwaya, launi ya fito a gwada shi da lamba. In rijiyarku tana da ɗanɗanon kanwa, ku gaya wa dubagari, a auna ta. Kada ku ce za ku gyara da kanku, ku haɗa kulorin da lemon tsami ko wani abu mai tsami. Haɗin nan yana fid da iska mai guba, mai ƙona ido da ƙirji. Kuma tulun da a ke jiƙa kanwa ko toka a ciki, kada a sa maganin ruwa a cikinsa.

Abokin gaban kulorin na biyu shi ne laka. Wannan kam ya fi damunmu, musamman masu ɗiban ruwan tafki. Kulorin ba ya zaɓe. Duk abin da ya tarar, ko ganye, ko taɓo, ko kashin dabba, sai ya auka masa har ƙarfinsa ya ƙare, ƙwayar cuta kuwa tana laɓe cikin lakar. Mai tafkin iyo da injin ya ke tace nasa. Mu namu injin shi ne haƙuri da ƙyalle mai tsabta. A ajiye ruwa ya kwanta. In ya ƙi, a kaɗa ɗan alif a ciki, ko a ɓare busassun 'ya'yan zogale a daka, a dama, a zuba. Bayan awa ɗaya ko biyu laka ta taru a gindi. A tsiyaye na sama a hankali, a tace da ƙyalle. Dattawanmu ba su manta da tace ruwa ba, da shi aka yaƙi kurkunu, har aka tabbatar a 2013 cewa ya ƙare a Nijeriya. Sai dai ku lura, ruwan da ya yi garau da alif ko zogale kyan gani kaɗai ya samu. Ƙwayar kwalara ta fi ƙarfin ido, ta kuma fi ƙarfin ƙyalle. Sai an bi da kulorin, ko kuwa a tafasa.

Sai batun awo. Ga inda karatunmu zai yi mana rana. Ƙwayoyin nan ba girmansu ɗaya ba, kowace an rubuta a jikin takardarta lita nawa ta ke ɗauka. Ku karanta, ku san kuma abin da jarkarku ta ke ci, ko lita 20 ce ko 25. In kun rage don tattali, kun yi asarar kuɗi, cuta tana nan. In kun zabga, wari ya hana yara sha, su koma kududdufi. Bayan an sa, a girgiza, a rufe, a jira minti 30 cif. In aka buɗe aka ji ɗan wari kaɗan, to, madalla. Wannan ragowar ita ce mai gadi, ita za ta tare ƙazantar da za ta shigo daga baya. Rabin miligiram a lita ya isa, miligiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. In ba a ji warin komai ba, dauɗa ta cinye maganin, sai a ƙara awo ɗaya a sake jira.

Rana ma tana cin kulorin, zafi kuma yana kore shi. A ajiye ruwan a inuwa, a rufe. Jarka ko tulu mai ƙaramin baki ya fi randa, don hannu ba ya shiga. Wanda randa gare shi, ya ware mata moɗa guda mai dogon mariƙi, ya rataye ta a ƙusa inda yara ba za su ja ta a ƙasa ba.