Kafin a Saki Gas a Bututu

A ƙasashen Turai masu tsananin hunturu, gidaje da yawa sun koma ɗumama ɗakuna da na'urar da ke jawo ɗumi daga iskar waje ta shigo da shi ciki. 'Yar'uwar esi ce da muka sani, sai dai tana aiki a juye, kuma dukansu biyu sun dogara ne da bututun jan ƙarfe da ke haɗa injin waje da na ciki. Gas ɗin da ke zagayawa a bututun nan ba ƙonewa yake yi ba, don haka ba shi da dalilin raguwa. Idan aka ce maka gas ya ƙare, to akwai inda yake yoyo, kuma sau da yawa tun ranar haɗawa aka bar kafar, a bakin noti ko a wurin walda. Shi ya sa nake ganin haɗin da ba a yi masa gwaji biyu ba bai kammala ba.

Na farko gwajin matsi ne. Ana cika bututun da busasshen naitirojin har matsin ya kai abin da kamfanin ya ƙayyade, wanda a na'urori masu gas ɗin R410A yakan kai kimanin bar 40. Sai a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a bar ma'auni a jone na sa'o'i, ana la'akari da cewa zafin rana da sanyin dare kan ɗan motsa allurar. Ba a taɓa yin wannan da iskar oksijin, domin haɗuwarta da man injin na iya jawo fashewa. Na biyu gwajin zuƙewa ne: bayan an gama na matsi sai a jona injin zuƙe iska, a ja har ma'auni ya sauka ƙasa da maikuron 500, alhali iskar da muke shaƙa tana kan 760,000. A irin wannan ƙarancin matsi ruwa yakan tafasa ko da babu wuta, ya fice a matsayin tururi. Fitar da shi wajibi ne, saboda man kwamfiresa na zamani yana shan laima, laimar ta haifar da asid mai cin injin a hankali, ko ta daskare ta toshe siririyar hanyar gas. Idan aka rufe bawul ma'aunin ya ɗan hau ya tsaya, akwai sauran laima. Idan ya yi ta hawa, akwai kafa.

Wasu masu gyara kan ce tunda zuƙewar ta riƙe, me ya kawo ɗawainiyar naitirojin? Amsar ita ce zuƙewa ba ta ɗora wa bututu nauyin da ya wuce bar 1, kuma ciki take jan sa, har tana iya manne bakin notin da bai zauna ba. Na'urar kuwa waje take turawa, da ƙarfin da ya ninka hakan sau ashirin ko fiye. Akwai kuma masu buɗe gas kaɗan ya "kore iska" don a gama da wuri. Wannan ba ya busar da laima, yana rage awon da kamfani ya zuba, yana kuma sakin R410A, wanda illarsa wajen ɗumamar duniya ta ninka ta iskar kabon sau 2,088. Gaskiya ne gwajin na cin lokaci da kuɗin tukunyar naitirojin, amma maigida, a Jamus yake ko a Kano, yana da haƙƙin ya ga lambar da ma'aunin ya nuna da idonsa kafin ya biya kuɗin aiki.